Maganin jan ƙarfe a tankin kifi: awon jikin kwalba bai isa ba

Kifinka ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, sai a ce maka zuba maganin jan ƙarfe, ɗigo kaza a lita kaza. Shawarar nan guntuwa ce. Dafin jan ƙarfe ya danganta da ruwanka: idan kabonet ɗinsa bai kai miligiram 50 a lita ba, awon da zai kashe cutar zai iya ƙona wa kifin gaɓar numfashi. Jatan lande da dodon koɗi kuwa ba sa kai labari. Kuma fa ƙwayar Ich tana ɓuya cikin fata, magani ba ya samunta sai ta fito iyo. Auna ruwan tukuna, ka yi jinyar a tanki daban, don tsakuwa tana shanye jan ƙarfe ta sako shi daga baya.