Wane Ne Almasihu? Tambayar da ta Riga Turawa Shiga Kano

A watan Fabrairun 1903 ne sojojin Ingila, ƙarƙashin Kanar Morland, suka kutsa birnin Kano ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Wannan ya sa mutane da dama suke ɗaukar cewa duk wani zance na addinin Kirista ta nan ya bi, a bayan bindiga. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Shekara uku kafin yaƙin, Bishop Tugwell da Likita Walter Mila sun iso Kano da niyyar wa'azi, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan yaƙin kuma Gwamna Lugga da kansa ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, aka taƙaita aikin mishan a masarautu, majami'u suka tare a Sabon Gari. Tambayar da ke tsakiyar koyarwar Kirista kuwa, wato ko wane ne Almasihu, ta riga su duka shiga birni.

Ga yadda Kiristoci suke koyar da ita. Linjilar Matiyu, sura ta 16, ta kawo labarin ranar da Yesu ya tambayi almajiransa a yankin Kaisariya Filibi yadda jama'a suke ɗaukarsa. Suka lissafa masa sunayen annabawa. Da ya juyo da tambayar kansu, Bitrus ya shaida cewa shi ne Almasihu, kuma Ɗan Allah. A kan wannan shaida ikkilisiya ta ginu. Taron Nikiya na shekarar 325 da na Kalsidon na 451 sun zauna ne don fayyace ta, suka tsayar da cewa shi cikakken Allah ne, kuma cikakken mutum. Amma labarin bai tsaya a bakin Bitrus ba. Nan take Yesu ya fara gaya musu cewa zai sha wuya, a kashe shi, ya tashi. Bitrus ya ƙi yarda, ya sha tsawa mai zafi. Yahudawan lokacin suna ƙarƙashin mulkin Rum, da yawansu kuma jarumi suke jira daga zuriyar Dawuda wanda zai kori 'yan mamaya. Linjila ta ba su wanda ya shiga Urushalima a kan jaki, ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ƙare a kan gicciye. Kiristoci suna haɗa wannan da bawan nan mai shan azaba na sura ta 53 a littafin Annabi Ishaya.

Mai wa'azin Kirista a ƙasar Hausa ba a fili fetal yake shuka ba. Maƙwabcinsa Musulmi ya san Annabi Isa ɗan Maryam tun yana makarantar allo. Ya san haihuwarsa ba uba, ya san ya warkar da makaho da kuturu da izinin Allah, ya san Alƙur'ani ma ya kira shi Almasihu, yana kuma sauraron saukowarsa a ƙarshen zamani. Inda hanya ta rabu a bayyane yake: Musulunci bai yarda Allah yana da ɗa ba, bai kuma yarda an gicciye Isa ba. A kan waɗannan biyun dai Kiristanci yake tsaye. Kusanci mai yawa ga saɓani mai zurfi, shi ne ya ba koyarwar Almasihu ta Hausa kamannin da ba ta da su a Legas ko Landan.

Babu inda wannan ya fito sarari kamar labarin Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim. Yadda labarin ya zo daga mabiyansa, nazarin Alƙur'ani ne ya kai shi ga fifita Annabi Isa fiye da yadda malaman gari za su lamunta. Ya tara almajirai, aka neme shi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, wasu suka fake a ƙasar Ningi. Bature bai taɓa yi musu wa'azi ba.

Sai a 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sami Likita Mila a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga bisani suka shiga cikin jama'ar Wusasa da aka kafa wajen 1929. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, da hannun Mila a cikin aikin.

Marubutan mishan sun so su nuna Isawa a matsayin Kiristocin da ke jiran a zo a yi musu baftisma kawai. A ganina sun yi azarɓaɓi. Isawan farko malamai ne da suka taso cikin karatun Musulunci, a ƙarnin da zancen Mahadi da ƙarshen duniya ya cika ƙasa, talakawa kuma suna kuka da haraji. Isan da suke jira mai saukowa ne ya gyara duniya, ya hukunta azzalumai. In an duba da kyau, begensu ya fi kama da na Bitrus kafin a tsawata masa. Waɗanda suka zama Kirista a Gimi sai da suka karɓi abin da kakanninsu ba su sani ba, wato gicciye, kuma suka karɓe shi a daidai lokacin da suke binne 'yan'uwansu. Wasu ba su karɓa ba. Masu cewa kuma Isawa 'yan tawaye ne kurum, su ma sun rage mudu, domin mutum ba ya miƙa wuyansa ga kisa a kan abin da bai gaskata ba.

To, wane darasi mai bi zai ɗauka? Limaman coci na Hausa, na Angalikan ne ko na Katolika ko na ECWA, sukan jaddada haƙuri, da yafiya, da hidima ga wanda ba naka ba. Dalilinsu a tsaye yake: in Almasihun da kake bi ya ƙi sarauta ta takobi, ba ka da hujjar neman rinjaye da ƙarfi ko ramuwar gayya da sunansa. Asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, ya fi wa'azi dubu bayyana wannan fahimta, domin akasarin masu zuwa a duba su ba Kiristoci ba ne.

Sai dai akwai salo biyu da ke raunana koyarwar a yau. Na farko shi ne wa'azin da ya mai da Almasihu mai raba arziki da buɗi, kowace Lahadi nasara, babu ambaton wahala. Wannan komawa ce ga kuskuren da Linjila ta ɓata lokaci tana gyarawa. Na biyu shi ne muƙabalar kan Facebook da YouTube, inda kowane ɓangare ke tsinto ayar ɗan'uwansa don ya kunyata shi. Mai sauraro yakan tashi da haushi, ba da ilimi ba. Akwai ma na uku, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yinsa: a taron sasanci a ce ai duk abu ɗaya muke faɗa game da Isa. Ba ɗaya ba ne, Malam ya sani, Fasto ya sani, zaman lafiya kuma bai dogara ga ɓoye bambancin ba.

Mafi yawan abin da aka rubuta game da Isawa, har da binciken Ian Linden, da Turanci yake, kuma ya dogara ƙwarai ga takardun mishan. Zuriyarsu kuwa suna nan a Wusasa da sauran garuruwa. Ya kamata ɗaliban tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da makarantun horar da fastoci, su je su ɗauki labarin daga bakin dattawan da suka rage, su rubuta shi da Hausa.