Allura ɗaya tak, Gimbiya ta samu shaidar da ba ta gogewa

Ni dai a bar ni in yi ta yabon 'yar ƙwayar nan har sai an gaji da ni. Maikurocif nake nufi, ƙwayar shaidar da likitocin dabbobi ke sa wa kyanwa a ƙarƙashin fata. Kai, wanda ya ƙago abin nan Allah Ya ba shi basira! Tsawonta wajen milimita 12 ne, kaurinta 2, girman ƙwayar shinkafa ke nan, amma tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 wadda ba a ba wata dabba ba. Babu batir, babu caji, babu ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Tana kwance abinta cikin ɗan kwanson gilashi wanda jiki ba ya ƙi. Sai an kawo na'urar karantawa kusa da ita, na'urar ta ba ta ɗan ƙarfi ta iska, ta faɗi lambarta, ta koma ta yi shiru. Haka za ta yi ta yi ko kyanwar ta shekara 20.

Daga ƙawayena na Unguwar Rogo har dangina na Bukuru, tambayar kowa ɗaya ce: babu zafi? Akwai mana, ai allura ce. Bakinta ma ya fi na allurar rigakafi kauri, in kika gan ta a cikin leda sai gabanki ya faɗi. Amma ki ji yadda aka yi da Gimbiya, farar kyanwata mai gashi buzu-buzu. Da sanyin safiyar hunturu muka je, irin sanyin Jos mai sa haƙora kaɗawa, teburin ƙarfen asibitin kuwa ya ɗauki sanyi, don haka na shimfiɗa mata tsohon zanena. Likita ya fara goga na'urar a kan allurar tun tana cikin leda, lamba ta fito, ya gwada ta da wadda ke jikin takarda. Yaronsa ya buɗe kifin gwangwani ya ɗora a gabanta.

"Hajiya, ki riƙe mata ƙirji kawai, kada ki matse ta," in ji shi.

"Likita, a yi mata a hankali don Allah."

"Ai kafin ki gama addu'a mun gama."

Ya tattaro fatar da ke tsakanin kafaɗunta, wurin da uwa ke ɗaukar 'ya'yanta da baki, ya soka, ya danna, ya zare. Gimbiya ta kaɗa kunne ɗaya, ta ɗago ta harare shi, ta mai da kai cikin gwangwani. Shi ke nan fa! Ni da na runtse ido ina salati na fi ta jin jiki. Ya sake wucewa da na'urar a bayanta, ta yi ƙara ƙit, lambar ta fito ɓaro-ɓaro. Wallahi sai da na yi guɗa. Ba a sa mata maganin barci ba, ba ɗinki, ba bandeji. Wata kyanwar takan yi kuka sau ɗaya, wata a ga ɗigon jini, wurin ya ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Mai tausayi da yawa yana iya bari sai ranar da za a yi mata aikin hana haihuwa, a sa mata tana cikin barci.

Sa wa dabba shaida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyaya sun daɗe suna tsaga kunnen saniya ko su yi mata lalas. Ita wannan ba wuta, ba wuƙa, ba tabo. Abin wuya mai ƙararrawa kuwa na daina yarda da shi: kyanwa mai tsallake katanga tana iya maƙalewa da shi a waya, ɓarawo kuma da yatsa biyu zai cire ya yar. Yanzu da kyanwoyin Farisa suka shigo gari, ana zuba kuɗi masu kauri a saye su, sanyin tudun nan mai tsayin mita kusan 1,200 kuma ya karɓe su, rigimar "tawa ce, ba taki ba ce" sai ƙaruwa take yi. Farar kyanwa mai gashi ai duk kamarsu ɗaya a idon mai unguwa. Hoton waya ba ya raba gardama, rantsuwa ma kowa ya iya. Amma a kawo na'ura, a goga, a duba katin wa ke da lambar, magana ta mutu.

Kada a ce son abin ne ya rufe mini ido. A shekarar 2009 masu bincike na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka suka bi diddigin dabbobi fiye da 7,000 a gidajen ajiye ɓatattun dabbobi 53. A kyanwoyin da ba su da ƙwayar, waɗanda suka koma hannun masu su ba su kai 2 cikin 100 ba. A masu ita, fiye da 38 cikin 100 suka koma gida. Ku dubi tazarar nan! Akwai kuma labarin da ba na gajiya da ba da shi, na wata kyanwa mai suna Willow da ta ɓace a jihar Kolorado, aka tsince ta a titin birnin Niyok a 2011, bayan shekara biyar, nisan fiye da kilomita 2,500. Yadda ta je can Allah kaɗai Ya sani. Ƙwayar ce ta mai da ita gida. Ingila ma ba ta tsaya rarrashi ba: tun 10 ga Yunin 2024 dole ne a sa wa kyanwa kafin ta cika mako 20, wanda aka kama kuma aka ba shi kwana 21 bai yi ba, tarar tana iya kaiwa fam 500.

Masu shirin tafiya Turai da dabbarsu su buɗe kunne a nan. Ƙasashen Tarayyar Turai suna so a fara sa ƙwayar, sannan a yi rigakafin ciwon haukan kare. In aka juya tsarin, rigakafin bai shiga lissafi ba, sai an sake. Daga Najeriya kuma akwai gwajin jini bayan kwana 30 da rigakafin, da jiran wata uku.

Ƙwayar tana da iyakarta, kuma ba zan ɓoye ba. Ba ta nuna inda kyanwa take a waya. In muzurunka ya bi dare ya nufi Gangare neman mata, ƙwayar ba za ta kira ka ba, sai wani ya kai shi inda ake da na'ura. Lambar kuma ba sunanka ba ce, sai an rubuta ta tare da lambar wayarka a rajista da katin rigakafi, in ka sauya layi ka koma a gyara. Wani lokaci takan ɗan zame zuwa kafaɗa, shi ya sa ake goga na'urar a duk jiki. Kumburi mai haɗari a wurin allurar abu ne da ba safai ake gani ba, amma in an ji ƙullutu a koma wurin likita. Kuma ba kowane asibitin dabbobi ke ajiye ta ba, a yi waya a tambaya kafin a ɗauko kyanwa a kwando.

To amma in ba Jos ba, wane gari ne ya cancanci ya ja gaba? Ga Vom a bayan gidanmu, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, aka kafa ta don yaƙi da bushiya mai kashe shanu. Ga kwalejin kiwon lafiyar dabbobi a nan Vom ɗin, ga Jami'ar Jos tana yaye likitocin dabbobi. Roƙona ga likitocin garin nan shi ne kowane asibiti ya ajiye na'urar karantawa, su haɗa kai su buɗe rajista ɗaya, ta yadda kyanwar da aka tsinta a Farin Gada za a iya kiran mai ita a Rayfield kafin la'asar. Maƙwabciyata ta riga ta ce in raka ta ranar Asabar da nata muzurun, wani baƙi mai faɗan tsiya, na kuma ce mata ta taho da gwangwanin kifi biyu.