Tsokaci a Kan Makomar Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Rumbun Bayanai na Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun da aiki ya kawo ni Minna, nake duba jerin sunayen ɗalibai da ake fitarwa daga kwamfuta. A wani jeri na tarar da Ɗanladi a bayan Zubairu, Ƙasimu kuwa ya koma "?asimu". Wannan maƙala za ta nuna tushen wannan ɓarna.

2.0 Tushen Matsalar

Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin harafi. Tsarin ASCII gurbi 128 kawai yake da shi, kuma babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa, haka ma tsarin ISO 8859-1 na shekarar 1987. Idan aka zuba sunan Hausa a rumbun da aka gina a kan irin wannan tsari, sai alamar tambaya ta maye gurbin harafin.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba waɗannan baƙaƙe lambobi, amma lambobinsu sun zo bayan na z. Saboda haka, rumbun da ke jera kalmomi bisa lamba zalla zai kai ɗaki bayan zaure, har ma ya sa ƙafa gaban ɓera. Wajen mayar da ƙaramin harafi babba ma akwai tangarɗa. Manhajar SQLite, in ba a yi mata ƙari ba, haruffan ASCII kaɗai take sauyawa, don haka ɗalibi zai fito "ɗALIBI".

Wasu ma'aikata kan cire ƙugiyar don su huta. To, amma kafa daban, ƙafa daban, kamar yadda bari ya bambanta da ɓari. Wanda aka ɓata wa suna a takardar shaida kuwa, shi zai yi ta zaryar kotu neman takardar rantsuwa.

3.0 Kammalawa

Laifin bai tsaya kan na'ura ba. Kundin CLDR ya tanadi jerin Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, sai dai ba a cika zaɓarsa ba, mu kuma manazarta harshe mun zura ido. Minna na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Nan ya kamata masana harshe da masana kwamfuta su zauna su amince da UTF-8 da jerin Hausa, tun kafin a shigar da suna na farko.