4.3 Jigon Kunya a Wasiƙun Gobara da Ci-Rani

Wasiƙu uku da za a duba a wannan sashe an same su ne daga wani gida a Daddara, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya. Biyu na mahaifi ne, ɗaya ta ɗansa da ke Legas, kuma an sakaya sunayensu. Duk an rubuta su ne bayan gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris 2021, inda rumfar babban ɗan gidan ta ƙone.

Kallon farko zai sa mai karatu ya ɗauka jigon wasiƙun shi ne gobara. Amma idan aka yi nazari sosai, za a ga cewa gobarar ƙofa ce kawai. Babban jigo shi ne kunyar roƙo tsakanin uba da ɗa. A wasiƙa ta farko, mahaifin ya cinye kusan rabin takardar wajen gaisuwa, sannan ya lissafa abin da wuta ta ci: buhunan gero, atamfofi da keken ɗinki. Bai nemi ko kwabo ba. Wato ya bar lissafin ya yi roƙon, domin a al'adar Bahaushe uba ba ya miƙa wa ɗansa hannu kai tsaye.

Haka shi ma ɗan bai fito fili ya ce bai sami aiki ba. Ya tsawaita addu'a da jaje, ya ambaci tsadar haya a Agege, ya ƙare da cewa ana nan ana nema. Mahaifin ya gane, domin a wasiƙa ta uku bai sake ambaton asara ba, sai nasiha kan haƙuri da tsare salla. Kowannensu ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

A nan ne wasiƙun suka sha bamban da littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya nuna barin ƙauye a matsayin ruɗin birni. Wannan matashi ba kwaɗayi ya kore shi ba. Rufe iyakokin ƙasa da gwamnati ta yi a Agusta 2019 ya tsayar da dakon kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, wanda da shi yake ci.

Sai dai wasiƙun ba su rasa rauni ba. Kunyar da ta ƙawata salonsu ita ce ta hana saƙo isa, domin an yi rubutu sau uku ba a tsayar da yadda za a tayar da rumfar ba. Haka kuma ba a ji muryar mahaifiya ba sai cikin jerin masu gaisuwa, alhali keken ɗinkin da ya ƙone nata ne. Wannan batu shi za a duba a sashe na gaba.