Tracy Letts da Rubutun Wanda Ya San Dandali

Masu sharhi sun daɗe suna yi wa marubucin wasan kwaikwayo da ke hawa dandali da kansa kallon mai tauna taura biyu. A ganinsu rubutunsa ba ya wuce shirya wa 'yan uwansa 'yan wasa wuraren ihu da kuka don a tafa musu. Wannan zargi ya bi Tracy Letts tun fitowar August: Osage County a 2007, har wasu suka ce wasan bai fi dirama mai dogon zango ta talabijin ba. Ban yarda ba. Shakespeare ɗan wasa ne a ƙungiyarsa. Molière yana cikin taka rawa a wasan da ya rubuta ciwon ajali ya kama shi a 1673. A Amurka ma Sam Shepard ya bi wannan hanya kafin Letts.

An haifi Letts a Tulsa ta jihar Oklahoma a 1965, ya koma Chicago yana saurayi yana neman rawar takawa. Killer Joe ya fito a 1993, Bug a 1996, ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Steppenwolf a 2002. August: Osage County ya kawo masa kyautar Pulitzer da ta Tony a 2008. A 2013 ya sake karɓar Tony, wannan karon a matsayin ɗan wasa, saboda rawar George a wasan Edward Albee mai suna Who's Afraid of Virginia Woolf? Masu kallon fim da talabijin kuwa sun san fuskarsa a Homeland, da uban yarinyar nan a Lady Bird, da Henry Ford na biyu a Ford v Ferrari.

Hujjata tana kan teburin cin abinci, a kashi na biyu na August: Osage County. An dawo daga jana'izar maigida, Beverly Weston, a gidansu da ke kusa da Pawhuska, cikin zafin watan Agusta, tagogi duk a toshe. Matarsa Violet tana fama da sankarar baki, ƙwayoyi kuma sun gama cin ƙarfinta. 'Ya'yanta mata uku suna zaune, ga ƙanwarta da mijinta, ga suruki, ga jika. Marubucin da bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba zai fara da faɗan ne kai tsaye, domin faɗan ne ya ɗauko. Letts ya ƙi. Ya sa Little Charles, ɗan ƙanwar Violet, ya zubar da abincin da uwarsa ta dafo. Ya sa Violet ta tilasta wa maza su mayar da kwat ɗinsu duk da zafin. Ya ba Kawu Charlie, mijin ƙanwar Violet, addu'ar cin abinci, mutumin ya yi ta kame-kame, ya rasa inda zai dire, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran amin. Sai jikar, Jean, ta ce ba ta cin nama don tsoron dabbar da aka yanka yana shiga jikin mai ci, aka yi ta zolayarta. 'Yan kallo suna dariya, sun saki jiki. A nan ne Violet ta fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ta tona cewa auren 'yarta Barbara ya mutu, ta jawo labarin dukan guduma da ƙanwarta ta sha a kanta lokacin ƙuruciyarsu. Kafin a rufe labule Barbara ta shaƙo uwar da ta haife ta tana ƙwace kwalbar ƙwaya.

Wanda ya jera wannan ya san tsawon lokacin da dariya ke ɗauka kafin ta mutu a zaure, ya san kuma cewa zagi ya fi zafi idan ya faɗo kan bakin da bai gama murmushi ba. Ba a koyon haka a teburin rubutu. Abin da ya fi burge ni ma shi ne tausayinsa ga wanda ba ya magana. Ɗan wasa ne kaɗai ya san azabar zama minti ashirin a gaban jama'a ba kalma a bakinka, shi ya sa kowa a teburin nan yana da cokali a hannu da sirrin da yake tsoron a tona. Shirun Ivy, 'yar Violet, shi ma aiki yake yi.

Masu cewa an cika gishiri su tuna kakan Letts na wajen uwa kashe kansa ya yi, kakarsa kuma ta faɗa shan ƙwaya. Daga gida ya ɗebo.

Fim ɗin da aka yi daga wasan a 2013, duk da Meryl Streep da Julia Roberts, bai kamo ƙafar wasan ba a wurina, domin kyamara ce ke zaɓa maka fuskar da za ka kalla, alhali an rubuta teburin ne don idonka ya yi yawo. Rawar Beverly, wadda ba ta wuce fitowa ɗaya a farkon wasa ba, Sam Shepard aka ba a fim. A dandalin Chicago da na Broadway kuwa mahaifin marubucin ne, Dennis Letts, ya taka ta, yana fama da sankarar huhu a ƙarshe, har ya rasu a Fabrairun 2008.