Kunnen Mai Gyaran Famfo

A Funtuwa, daga Jabiri har Tudun Wada, da wuya ka bi layi ba ka hango baƙin tanki ɗore a kan ƙarfe ba. Gari ya bunƙasa fiye da lokacin da madatsar Mairuwa ke wadatar da shi, don haka mai hali ya haƙa bohol, mai ƙaramin ƙarfi ya jira 'yan garuwa. Ruwa ya shiga gidaje ta cikin bango da ƙarƙashin daɓe, inda ido ba ya kaiwa. Mutum ɗaya ne ke ganin can ɗin, wato falamba, kuma da kunne yake gani.

Bara bangon falona ya fara danshi, fenti yana ɓanɓarewa. Na ɗora wa damina laifi, har hunturu ya shiga danshin bai tafi ba. Da na kirawo wani dattijon mai gyara, ban ga ya ɗauki guduma ba. Rufe kowane kan famfo ya sa aka yi, ya hau ya shata wa tanki alama da gawayi, ya nemi wuri ya zauna. Bayan sallar la'asar ruwa ya sauka ƙasa da alamar. Sai ya ɗauko dogon sukundireba, ya kafa bakinsa a bango, ya manna kunne a ƙotar, yana matsawa taƙi bayan taƙi. Can ya tsaya.

"Alhaji, a nan take kuka," in ji shi. "Kai yaro, miƙo cizal."

Tayil biyu kacal ya cire. Elbo ne da aka haɗa da gam a gaggauce, yana tsiyaya kamar hawaye. Da wani ne, da ya rushe rabin bangon kafin ya kai gare shi.

Haɗin da ya sake yi ma abin kallo ne. Ya yanke fayif daidai, ya kankare bakin, ya goge ya bushe ƙayau, ya shafa gam ciki da waje, ya tura ya ɗan murza, ya riƙe. Ya hana a buɗe ruwa sai ya kama. A kan zaren ƙarfe kuwa, yana naɗa farin tef ta ɓangaren da za a ɗaure, domin in aka naɗa a baibai, ɗaurin da kansa zai warware shi.

Akwai lissafi a aikin, ko da ba a rubuta shi a takarda. Tanki mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa tan guda ne, shi ya sa gwani ke duba ƙafafun ƙarfen kafin ya duba fayif. Bututun banɗaki mai inci 4 yana son gangara madaidaiciya, kamar ƙafa 1 a cikin 40: in ya kwanta da yawa ƙazanta ta tsaya, ta toshe. Lanƙwasar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, wadda wasu ke ɗauka ado ce, ɗan ruwan da take riƙewa shi ke tare warin sokawe.

Inda na fi jinjina wa dattijon shi ne abin da ya nuna mini a ƙofar gida. Fayif ɗin da ya shigo da ruwan famfo ya ratsa ta cikin kwata, rana ta gasa shi ya tsage. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake fesawa. Amma da zarar an ɗauke, fayif ya koma zuƙa, ya janyo ruwan kwata ciki, ranar da aka dawo da ruwa kuma shi ne na farko da zai zubo a bokiti. Ta irin wannan ƙofa taifot da amai da gudawa ke shiga gida, kuma mutanen Funtuwa ba su manta da kwalarar 2021 ba. Haka nan salga kusa da rijiya. Masana na son a bar tazarar mita 30, abin da filayen cikin gari ba sa bayarwa, sai dabarar mai aiki wajen zaɓen gefe da gangara.

Dattijon kuma bai yarda yaronsa ya leƙa sokawe ba sai da aka buɗe ta ta sha iska. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da ƙato nan take, mai shiga ceto ma ya bi shi.

Da ya faɗi kuɗin aikinsa na so in taya, sai na tuna bangon da bai rushe ba, na biya. Mai gini a Funtuwa ko Malumfashi, ka kira falamba tun ana aza harsashi, kada ka bari sai an gama filasta.