'Silenced': Fim ɗin da ya rufe makaranta, ya canza doka

Mai karatu, in kana cikin masu cewa fim nishaɗi ne kawai, to nemi 'Silenced' na Koriya ta Kudu ka kalla. Hwang Dong-hyuk ne ya ba da umarni a 2011, wato daraktan da daga baya ya yi 'Squid Game'. An ɗauko labarin daga littafin Gong Ji-young na 2009, ita kuma ta gina shi kan abin da ya faru a makarantar kurame ta Inhwa a birnin Gwangju, inda asirin masu lalata da ɗalibai ya tonu a 2005.

Gong Yoo ya fito a matsayin sabon malamin zane da ya tarar da yara a firgice. A hankali ya gano shugaban makarantar da ɗan'uwansa tagwaye da wani malami su ne kurayen da aka ba ajiyar awaki.

Ƙarfin fim ɗin shi ne yadda ya nuna cewa mugu ba ya ɓarna shi kaɗai. Ɗan sanda ya ci hanci, jami'ai na tura wa juna ƙorafi, talauci ya sa dangi karɓar kuɗin sasantawa, kotu ta yi sassauci. Yaran kuwa a can suke kwana, ba wani na waje da ke jin yarensu na hannu. Ka ga darasin rigakafi ke nan: duk gidan da ake ajiye yara, dole a samu mai leƙowa daga waje ba tare da sanarwa ba, wanda yaro zai faɗa wa damuwarsa a keɓe.

Amma fa akwai gyara. Daraktan ya wuce gona da iri wajen nuna cin zarafin ƙarara, alhali yara ne ke wasan. Ƙofa a rufe da idon yarinya sun isa su isar da saƙon. Mai wa'azin kare yara, shi ya kamata ya fara kare na gaban kyamararsa.

Duk da haka, fim ɗin ya yi aiki. Mutum sama da miliyan 4 sun kalle shi, aka rufe makarantar a 2011, majalisa ta tsaurara hukunci tare da soke wa'adin shigar da ƙara kan fyaɗen yara 'yan ƙasa da shekara 13 da naƙasassu. Ka kalla, amma ban da yara a ɗakin.